Tambayoyin Masu Karatu: In Ƙyale Ɗana Ya Zaɓi Abin Da Zai Koya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Mun baro Wad Madani, a nan ƙasar Sudan, a ƙarshen 2023 da yaƙi ya iso garin, yanzu muna zaune a Gadarif wurin dangin maigidana. Ɗana mai shekara goma ya daɗe rabonsa da aji, amma kullum yana shagon wani mai gyaran waya, har ya iya haɗa batir da faifan sola. Ƙanena da ke Amurka ya ce can akwai iyayen da ba sa kai 'ya'yansu makaranta, ba sa kuma yi musu darasi a gida, yaron ne ke zaɓar abin da zai koya. Ya ce in ƙyale shi haka ko da makaranta ta samu. Me kika gani?
Wata uwa, daga Gadarif

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Ba ke kaɗai ke cikin wannan damuwa ba, domin watanni shida bayan ɓarkewar yaƙin a ranar 15 ga Afrilu 2023, hukumar UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan, kuma makarantu da dama sun koma matsugunin waɗanda suka rasa muhallinsu.

Abin da ƙanenki ya faɗa yana da asali. Wani malamin firamare Ba'amurke, John Holt, shi ya fi kowa yaɗa wannan ra'ayi, har ya kafa mujalla a kansa a 1977. Ya lura a ajinsa cewa tsoron kuskure da tsoron dariyar 'yan aji suna sa yara su koyi kallon fuskar malami don su cinki amsar da yake so, alhali ba su fahimci komai ba. Ya kuma kafa hujja da cewa jariri yana koyon magana, wadda ita ce mafi wuyar ilimi, ba tare da an zaunar da shi darasi ba. A wannan gaɓar ina tare da shi, kuma ɗanki ma shaida ne, tun da babu wanda ya ɗaga masa bulala kafin ya gane wace waya ke shiga wane kan batir.

Sai dai kowa da kiwon da ya karɓe shi. Iyayen da ke bin wannan hanya a Amurka ba sakin yaro suke yi su juya baya ba. Yawanci ɗaya daga cikinsu yana gida yana amsa tambayoyinsa, yana kai shi ɗakin karatu na unguwa inda ake aron littattafai kyauta, yana nemo masa wanda ya san abin da ransa ya raja'a a kai. Doka ta amince da karatun gida a duk jihohinsu, sannan akwai jarrabawar da wanda bai yi sakandare ba zai rubuta ya samu takarda daidai da tata. A nan kuwa, ƙofar jami'a tana bi ne ta jarrabawar shahadar Sudan, wato ta kammala sakandare, wadda saboda yaƙi ɗaliban 2023 ba su samu rubuta ta ba sai a Disambar 2024, kuma yaron da bai bi manhaja ba zai sha wuya kafin ya tsaya gabanta. Ina jin nauyin in ba uwa shawarar da za ta rufe wa ɗanta wannan ƙofa tun yana ɗan shekara goma, lokacin da shi kansa bai san abin da zai so ba in ya kai ashirin.

Saboda haka amsata ita ce, da zarar makaranta ta samu ki mayar da shi, ko da za a sa shi ajin da ke ƙasa da shekarunsa. Kafin nan, ki karɓi rabin maganar ƙanenki: ki bar yaron ya zaɓi hanyar shiga, ke kuma ki riƙe abubuwan da ba a jiran sha'awa a kansu, wato karatu da rubutu da Larabci, da lissafi, da Alƙur'ani. Halwa, wato makarantar allo, za ta ɗauke miki wani kaso, domin yaron da ke rubuta allonsa da asuba, ya biya, ya wanke, hannunsa ba zai manta haruffa ba.

Sauran kuwa shagon nan zai iya ba ki. Ki saya masa littafin rubutu guda, ki ce kowace yamma ya rubuta wayoyi nawa aka kawo caji, nawa aka biya, nawa ya rage bashi, sannan ya tara na mako. Ki sa ya karanta miki lambobin da ke jikin batirin, ya bayyana miki dalilin da faifan sola ke rage ƙarfi in ƙura ta rufe shi ko hadari ya taso. Idan ya yi tambayar da ba ki san amsarta ba, kada ki kore shi, ki ce ya tambayi mai shagon ya dawo ya koya miki, domin wanda ya koyar da abu ya fi riƙe shi. Ki kuma bar shi ya yi bayanin da Hausa tukuna, sannan ya rubuta da Larabci, tun da da Larabcin za a jarraba shi.

Akwai abin da ban so ki yi sakaci da shi ba. Maigidanki ya je da kansa ya ga mai shagon, su yi magana a kan sa'o'in da yaron zai riƙa zama, kada koyo ya rikiɗe ya zama wahalar wuni guda babu lada. A kuma hana shi taɓa ruwan batir da wayar wuta in babu babba a wurin.