Amsa ga ƙanenmu mai shagon zane: bakunan da ke ba ka umarni ne suka yi yawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na ga tambayar da ƙanenmu ya saka daren jiya, amma maganar ba ta layi biyu ba ce, shi ya sa na bari gari ya waye. Ga waɗanda ba su gani ba, ya ce su huɗu ne a shagonsu nan Damagaram, suna zanen tambari, afish, katin biki da haɗa bidiyo. Aiki na shigowa, alhamdu lillahi, amma kiliyan sai ya sa a gyara abu sau bakwai sau takwas, ayyuka su hau kan juna, yara su yi ta ɗora wa juna laifi, ƙarshen wata kuma kuɗi na hannun mutane. Yana tambaya ko ya koma aiki da Trello, manhajar tsara ayyuka, ko wata irinta.

Ƙanena, na fara wannan sana'a a 2013 da kwamfuta ɗaya a wani ɗaki a Zengo, kuma duk abin da ka lissafa na sha shi. Manhaja ba za ta cuce ka ba, sai dai ba nan ƙaiƙayin yake ba. Aiki da baki yake shigo maka, da baki yake canzawa, kuma bakunan ba ɗaya ba ne.

A ƙarshen 2018, lokacin da garin nan ya karɓi bikin 18 ga Disamba na ranar Jamhuriyar Nijar, wanda aka kira Zinder Saboua, aiki ya yi mana yawa har muna kwana a shago. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya zo da ƙafarsa ya ba mu aikin kalanda 500, ya faɗi abin da yake so, ya tafi. Bayan kwana biyu ɗansa ya kira yaron da ke zanen ya ce a canza launi. Mai tsaron shagonsa kuma ya gamu da wani yarona a masallaci, ya ce lambar waya ta canza, ya faɗa masa sabuwar da ka. Ni duk ban sani ba. Muka aika Kano aka buga, aka kawo. Alhaji ya duba ya ce, "Ni ban ce a yi mini haka ba." Gaskiya kuwa ya faɗa: launin bai taɓa ganin sa ba, lambar kuma an juya alƙaluma biyu. Na biya bugu na biyu daga aljihuna, sama da jika 200, ribar watan kaf. Har yau ban ga laifin Alhaji ba. Ƙofa huɗu na bari a buɗe, kowa ya shiga ta inda ya ga dama.

Tun daga ranar, kowane aiki baki ɗaya gare shi daga can, baki ɗaya daga nan. Ranar farko nakan tambaya da ladabi, "Alhaji, wa za mu riƙa nuna wa aikin, wanda in ya ce to, maganar ta zauna?" In ya ce shi ne, to ko ɗan fari ne ya kira da gyara, sai mu ce masa madalla, za mu shaida wa Alhaji. A ɓangarenmu kuma mutum ɗaya ke magana da mai aiki. Na hana masu zane karɓar gyara a wayarsu, kuma su suka fi kowa jin daɗin wannan doka, don a da har ƙarfe sha biyun dare ana kiran su. In ƙungiya ce ko wani furoje mai kwamiti, mukan roƙe su su zauna su tattara gyare-gyarensu wuri ɗaya, mutum ɗaya ya aiko. In ba haka ba, shugaba zai ce a ƙara girman tambari, ma'aji ya ce a rage.

Sai maganar saƙon murya, kuma a nan zan ɗan daɗe, don shi ne rayuwarmu. Mutanenmu ba sa son rubutu. Hajiya za ta aiko maka muryar minti biyar a WhatsApp, rabi gaisuwa, a tsakiya ta saka gyara uku, a ƙarshe ta janye ɗaya. Kada ka ce mata ta rubuto, ba za ta rubuto ba, kuma za ta ga ka raina ta. Kai ne za ka saurara da biro a hannu, ka rubuta abin da ka fahimta, ka mayar mata: na ɗaya a cire hoton hagu, na biyu a mayar da ranar ɗaurin aure Asabar, haka ne? Sai ta ce haka ne sannan a taɓa aikin. Wanda bai karanta boko ba, sai ka karanta masa da murya, suna da lambar waya ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya amsa da murya. Wannan "na yarda" da ya faɗa ita ce abin da maɗaba'a ke kira BAT, izinin bugawa, kuma ba na share ta sai an biya an rabu lafiya. Ba don in kai kowa ƙara nake ajiye ta ba. Mutum ne yake mantuwa, ni ma ina yi, kuma in ya ji muryarsa da kunnensa sai gardama ta mutu ba tare da an ɓata zumunci ba.

Game da gyara sau takwas: a takardar farashinmu an rubuta gyara biyu ne cikin kuɗin, na uku da kuɗinsa, kuma ina faɗa da baki ma tun ranar farko. Kuskuren da muka yi da hannunmu kyauta muke gyara shi ko sau nawa ne. Amma wanda aka yi masa tambarin raƙumi, ya amince, ya dawo ya ce doki yake so, wannan sabon aiki ya kawo. Abin da na lura, da mutum ya san gyaransa ƙidayayye ne, sai ya zauna ya duba da kyau kafin ya yi magana.

Abansi rabi ne kafin a fara. Na san kunyar da ke cikin neman kuɗi wurin sa'an mahaifinka, na yi shekaru ina jin ta. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne in faɗi gaskiyar lamari: "Baba, kuɗin takarda da tawada ne, mu ma sai mun biya ake ba mu." Wanda ke nesa, Mirya ko Magarya ko Tanut, ya turo ta Nita ko Amana. Samfurin da za ka nuna ka sa masa alamar shagonka a tsakiya, cikakken fayil kuma sai an cika kuɗi. Ƙungiyoyi daban suke: galibi ba sa ba da abansi, takardar oda suke bayarwa, su nemi faktir mai lambar NIF, wato lambar rajistar haraji, kuɗin kuma ya ɗauki makonni kafin ya fito. Aikinsu na da kyau, amma kada ka ɗauki manya biyu lokaci guda in jarinka bai kai ba.

Cikin shago kuwa, allo muke da shi a bango, an raba shi gida huɗu: ya shigo, ana yi, yana hannun mai shi, an amince. Kowace safiya muna tsayawa gabansa minti goma, kuma ba wanda ke riƙe aiki fiye da biyu a gidan "ana yi". Gida na uku shi ne mai ceton rai. Da aiki ya koma hannun mai shi, muna rubuta ranar, kuma mun gaya masa tun farko cewa kwanakin alkawari sun tsaya har sai ya amsa. Trello ɗin da kake tambaya wannan allon ne a cikin waya. In yaranka za su riƙa buɗe shi, bismilla. Nawa sai da abin ya tsaya musu a bango suka daina mantawa.

Kada ka yi alkawarin ranar da kake zaton gamawa, ƙara kwana biyu. Ka san yadda wuta take yi a Afrilu da Mayu. Ka kuma tuna 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya aka rufe iyaka har Maris na 2024. Mu da muka saba aika manyan bugu Kano mun ji jiki, kuma daga lokacin nake riƙe da maɗaba'a biyu, ɗaya nan gida. Gab da Sallah, da buɗe makarantu a Oktoba, da bukukuwan bayan kaka, ka koyi cewa "wannan makon ya cika" tun mutum bai zauna ba.

Abu biyu na fasaha da ke jawo rigima da masu aiki. Launin da mutum ya gani a waya ba shi zai gani a takarda ba, domin fuskar waya da haske take haɗa launi, injin bugu kuma da tawada huɗu, CMYK. In aikin babba ne, buga masa ƙaramin samfuri ya riƙe a hannu. Na biyun kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, ayyukan Hausa sun ƙaru a shagona, kuma salon rubutu da yawa ba su da waɗannan haruffa. Sai "baƙi" ya fito "baki", ko wurin harafin ya zama ɗan akwati. Abin yana ci mini rai in na gan shi a allon talla a garin Hausawa. Kafin ka aika fayil maɗaba'a, ka mayar da haruffan su zama zane a manhajar zane ta CorelDRAW, ka sa wanda bai yi aikin ba ya karanta shi da ƙarfi.

Saura bashin da ke hannun mutane yanzu. Kada ka aika yaro, kada kuma ka yi ta saƙo a waya. Rubuta aikin da kuɗinsa da ranar da aka karɓa a takarda ɗaya, ka je da ƙafarka, ka gaisa, ka miƙa, ka tambaya wace rana za ka dawo. Wanda ya ce ba zai iya biya gaba ɗaya ba, ka yarda ya raba biyu. In ya sake kawo aiki, ka karɓa da fara'a, amma a fara da tsohon lissafi. Takardar farashin da muke aiki da ita shafi ɗaya ce, da Hausa da Faransanci; yi mini magana ta gefe in turo maka, ka cire sunanmu ka sa naka.