Fatawa: Gahawar teburin mai shayi da ta gwangwanin gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni manomin rani ne a wani ƙauye na ƙasar Auyo, ina noman alkama da albasa. Tun shigowar sanyin bana a bakin injin ban ruwa nake kwana, saboda haka kullum bayan Isha sai na biya teburin mai shayi na sha gahawa, wadda muke ce wa Nescafe, kofi biyu, wani lokacin uku. Wani ɗalibin ilimi a garinmu ya ce haramun ce, wai gahawa sunan giya ne a Larabci, kuma ƙwaya ce tunda wanda ya saba ba ya iya bari. Abokina kuma ya ce ya gani a waya tana maganin ciwon suga da na hanta. Ni dai in na sha ta wurin mai shayin nan ciwon bayana ɗaukewa yake, jikina ya yi sakayau har wayewar gari, wani lokacin har da ɗan ƙaiƙayi. Na sayi gwangwani na haɗa a gida ba ta yi mini haka ba, sai na bar wa maiɗakina, ita ke sha da safe, kuma tana da juna biyu. Watan jiya da aka auna ni an ce jinina ya ɗan hau. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a noma, ya sauki maiɗakinka lafiya.

Gahawa, in ita kaɗai ce a cikin kofin, halal ce, kuma a kan haka malaman mazhabobi huɗu suka tsaya tun ƙarnoni da suka wuce. Sai dai, ɗana, ban tabbata ita kaɗai kake sha ba.

Sake karanta wasiƙarka. Hoda iri ɗaya, ruwan zafi iri ɗaya, amma ta gida ba ta yi maka komai ba, ta tebur kuwa ta ɗauke ciwon baya, ta sa jiki ya yi sakayau dare guda cur, har da ƙaiƙayi. Ruwa ba ya tsami banza. Aikin gahawa sananne ne: ta kori barci, ta wartsakar da mutum, in ta yi yawa hannu ya riƙa rawa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, a yi ta fita fitsari. Kashe ciwon baya na wanda ya wuni a sunkuye cikin fangali, da jin wani daɗi a jiki, da ƙaiƙayin fata, waɗannan sun fi kama da aikin tiramadol da danginta. Kowa ya san a ƙasar nan ana samun masu narka ta a shayi ko gahawa don 'yan ƙwadago da masu aikin dare, wasu da saninsu, wasu ba da saninsu ba. Wadda likita ke rubutawa miligiram 50 ce ko 100, amma wadda ke yawo a bayan fage har mai 225 hukumar NDLEA take kamawa, kuma cikin illolinta akwai jijjiga irin ta farfaɗiya. Ka tuna kai kaɗai ne a bakin ruwa da tsakar dare.

Ban ce mai shayinku ya aikata ba, kai ma kada ka ce, kada kuma ka kai maganar majalisa. Mutum ne mai neman halaliyarsa, kuma ɓata masa suna a kan zato zunubi ne mai zaman kansa. Mai yiwuwa ma hannunsa ne kawai yake da nauyi, cokali uku yake zuba maka alhali kai a gida ɗaya ka sa. Hanyar ganewa ba ta da wuya. Ka tafi da hodarka da kofinka, ka karɓi tafasasshen ruwa daga butar da yake zuba wa kowa, ka haɗa da hannunka daidai yadda ka ga yana aunawa. Ka yi haka kwana uku. In abin da ka saba ji bai zo ba, kuma ka fara jin kasala, da zufa, da ciwon gaɓoɓi, da hamma, da ƙunci, to ka samu amsarka. Daga wannan rana komawa ga wancan haɗin haramun ne a kanka, domin shan abin da ke taɓa hankali ba da umarnin likita ba babu saɓani a kan haramcinsa. Abin da ya wuce kuwa babu laifi a kanka tunda ba ka sani ba, kuma sallolinka suna nan daram, don a wurin malamanmu busasshen abu mai gusar da hankali ba najasa ba ne. Sai ka je asibiti ka faɗa wa likita gaskiya ba kunya, saboda wanda jikinsa ya saba da ita a hankali ake yaye shi. Shi kuma mai shayin ka same shi ku biyu ka yi masa nasiha, in ya ƙi ji ka sanar da mai unguwa.

Yanzu ga maganar ɗalibin nan, Allah ya ƙara masa ilimi. Zan ɗan tsawaita a kanta don na ji ta a bakin wasu ban da shi, kuma haramta halal ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah.

Gaskiya ne Larabawan da suna kiran giya da sunan ƙahwa. To sai me? Hukunci ba ya bin suna, abin da ke cikin ƙwarya yake bi. Nabizu suna ne da ake kiran mai sa maye da shi, kuma da shi ake kiran ruwan dabinon da ake jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana sha kafin ya yi tsami. Suna ɗaya, hukunci biyu.

Kuma wannan gardama tsohuwa ce, an yi ta an gama. Asalin itacen daga Habasha yake, sufayen Yaman ne suka yaɗa shanta a ƙarni na 15 don su iya raya dare da zikiri. A shekara ta 917 bayan Hijira, wato 1511, wani jami'in daular Mamalik ta Masar a Makka mai suna Khair Beg ya tara malamai, aka kawo likitoci biyu suka ba da shaidar cewa tana cutarwa, aka hana sha da sayarwa. Hanin bai yi ƙarko ba. An sake tayar da ƙurar a Alƙahira bayan shekara ashirin da 'yan kai, har jama'a suka far wa wuraren shanta. A 1633 Sarkin Daular Usmaniyya Murad na huɗu ya rufe gidajen gahawa a Istanbul, shi kuwa taron mutane da hirar siyasa ne suka dame shi. Duk wannan ya zo ya wuce, yau da gahawa da dabino ake tarbar baƙo a Makka da Madina.

Abin da ya fi dacewa ɗalibin ya duba shi ne maganar malamin mazhabarmu, Imam Haɗɗabi, haifaffen Makka wanda ya rasu a 954 bayan Hijira, wato rigimar a zamaninsa aka yi ta. A sharhinsa na littafin Mukhtasar na Shehu Khalil, mai suna Mawahibul Jalil, ya nuna mutane sun rabu biyu a kanta, masu wuce gona da iri da suke ganin shanta ibada ne, da masu wuce gona da iri da suke ganin giya ce. Ya ce gaskiyar magana ita a karan kanta ba ta sa maye, wartsakarwa kawai take yi, haramci yana shigo mata ne daga abin da aka raɓa mata, kamar zaman da ake yi ana zagayawa da ita irin na mashaya. Ka ga abin da na gaya maka tun farko ba sabo ba ne.

Malamanmu, bin sawun Imam Ƙarafi, sun kasa abin da ke taɓa hankali gida uku: mai gusar da hankali tare da nishaɗi da annashuwa, mai gusar da shi ba tare da nishaɗi ba, da mai kwantar da mutum ya ɗauke hankali da ji da gani gaba ɗaya. A wane gida za a sa gahawa? Ba ta shiga ko ɗaya. Wanda ya sha kofi biyu lissafinsa ma ƙara daidaita yake. Ko wanda ya yi mata shan wauta, cuta za ta kama shi, amma ba za ka gan shi yana tangaɗi yana zagin surukinsa ba.

Saura hujjar sabo. E, ana sabawa. Wanda ya bari rana ɗaya ciwon kai kan kama shi bayan awa 12 zuwa 24, ya yi kwana biyu zuwa tara ya sake shi. Duk mai shan shayi ya san ciwon kan ranar ɗaya ga azumi, ni ma na san shi. Amma sabo daban, maye daban. Sinadarin da ke cikin gahawa, kafeyin, shi ne dai a ganyen shayi, shi ne kuma a goro. Goron da muke rabawa a ɗaurin aure da suna, wanda limamai da alƙalai suka ci suka bar mana. In ɗalibin zai haramta gahawa da wannan hujja, sai ya fara da ƙwaryar goron da aka ɗaura auren iyayensa da ita.

Abokinka kuma ya ɗauko rabin magana. Masu bincike sun bi dubban mutane shekara da shekaru, suka ga masu shan gahawa daidai wa daida ciwon suga da wasu cututtukan hanta sun fi ƙaranci a cikinsu. Ganin abu biyu tare bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba, shi ya sa har yanzu likitoci ba sa rubuta wa kowa gahawa a matsayin magani. Kuma wadda amfaninta ya fi fitowa a binciken ba irin ta teburinmu ba ce, da ake danna mata suga cokali huɗu da madarar gwangwani har cokali ya kusa tsayawa. Mai ciwon suga da ya ajiye maganinsa ya kama wannan ya cuci kansa, kuma yana da zunubi. Su masanan ma sauya magana suke yi: cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gahawa cikin abubuwan da ake zargi da haddasa daji a 1991, a 2016 ta cire ta, ta ce abin tsoron shi ne kurɓar kowane abin sha da zafinsa ya haura digiri 65, saboda dajin maƙogwaro. A hunturun nan na san yadda ake yi, ana saukewa ana kaiwa baki. Ka bari ta sha iska.

To ko da gwajinka ya nuna gahawa ce zalla, tsugune ba ta ƙare ba, saboda jininka. Ƙiyasin da hukumomin lafiya na Amurka da Turai suka bayar ga baligi mai lafiya shi ne kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini. Ƙaramin cokali cike da hodar yana ɗauke da wajen 60. Kofi uku masu cokali uku-uku sun haura 500 ke nan, ban da goron da ka ci da rana. Kai kuwa ba a sahun masu cikakkiyar lafiya aka sa ka ba, kuma tana ɗaga jini na 'yan awanni bayan an sha. Ka koma a sake auna ka, kada ka sha ta ko ka ci goro gab da awon, ka faɗa wa ma'aikacin lafiya adadin da kake sha ba ragi. In ya ce ka rage, wuce abin da ya yanka maka makaruhi ne. In ya tabbatar maka tana cutar da kai ya ce ka bari, ta haramta gare ka kai kaɗai, maƙwabcinka ya ci gaba da shan abarsa.

Gwangwanin da ka bar wa maiɗakinka ya fi damuna fiye da jinin naka. Mai juna biyu rabin na sauran mutane aka ƙiyasta mata, miligiram 200, kuma a cikinsa za a lissafa shayinta da goronta da lemon kwalba mai baƙin ruwa. Jikin mutum kan ɗauki wajen awa biyar kafin ya rage rabin abin da ya sha, amma in ciki ya tsufa lokacin kan ninka har fiye, kuma yana ratsawa ya kai ga ɗan da ke ciki. An danganta yawansa da ɓari da haihuwar jariri marar nauyi. Ga kuma wani abu da matanmu ba su cika sani ba: shayi da gahawa suna hana jiki tsotsar sinadarin ƙarin jini daga abinci, da ma ƙwayar da ake ba su a wurin awo. In za ta sha, kofi ɗaya mai cokali ɗaya ya ishe ta, ta raba shi da abinci da ƙwayar da awa ɗaya ko biyu. In da za ku ji tawa, ka ɗauke gwangwanin ka kawo mata gyaɗa da gero a riƙa dama mata kunu har ta sauka. Kai ka shigo da shi gidan, kai za a tambaya.

Ba ka ambaci Asuba ba, ni kuwa sai na ambata. Wanda ya kwana ido biyu a bakin inji, yawanci gab da alfijir barci ke sace shi. Gahawa ba ta biyan barci, rufe wa ƙwaƙwalwa ƙofar jin gajiya kawai take yi, gajiyar na nan tana jira, kuma barci ba a cin bashinsa. In kwanan gonar nan yana sa rana ta fito maka ba ka yi salla ba, ko kana hawa babur da safe kana gyangyaɗi a kan hanyar Hadeja, to ku raba daren da ƙaninka ko wani maƙwabcin gona, kowa ya ɗauki rabi, ka kuma riƙe ƙailula. Ciwon bayan ma ka nuna shi a asibiti ranar da za ka koma awon jini. Bayan kwana ukun gwajin ka sake rubuto mini abin da ka gani.

Wallahu a'alamu.