Cingam ɗin barin taba: talaka zai iya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni masunci ne a Yauri. Tun ina saurayi nake shan taba, yanzu kara 15 a rana, kara-kara nake saya don ba kuɗin kwali. Tari ya dame ni, uwargida ta gaji da faɗa. An ce akwai cingam mai nikotin da ake taunawa a daina. Anya ba gudun gara ba ne a faɗa gidan zago? Kuma talaka zai iya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya. Ba gidan zago ba ne. Nikotin shi ke ɗaure mutum ga taba, amma hayaƙin ne ke kisa: akwai sinadarai fiye da 7,000 a cikinsa, kusan 70 na jawo ciwon daji. Cingam ɗin, da filastar da ake mannawa a fata, suna ba jiki nikotin kaɗan ba hayaƙi, sai ƙaiƙayin son taba ya lafa. Bincike ya nuna suna ƙara damar dainawa da kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, kuma tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin magunguna masu muhimmanci.

Tunda kullum kana cikin ruwa da gumi, filasta za ta iya ɓallewa, don haka cingam ya fi maka. Akwai na miligiram 2 da na 4; mai kunna taba cikin rabin awa da tashi daga barci shi ake ba na 4. Ba a taunarsa kamar na yara. Tauna a hankali, in ka ji yaji ka ajiye shi tsakanin kumatu da dasashi, in ya lafa ka sake, har rabin awa. Ana yin mako 8 zuwa 12 ana ragewa. Wasu suna yankewa da wuri don kuɗi, nan taba ke dawowa.

Batun kuɗin nan yana ci mini rai, domin masu ƙaramin ƙarfi taba ta fi cuta, su ne kuma maganin ya fi yi wa tsada da nisa. Sa ranar dainawa, ka damƙa wa uwargida kuɗin karan kowace rana ta tara na magani. Abokan kwale-kwale kuma ka roƙe su kada su miƙo maka.

Tarin nan kada ka jira: je babban asibitin Yauri a duba ƙirjinka, gwajin tarin fuka kyauta ne. In kana da ciwon zuciya, faɗa wa likita kafin ka fara cingam ɗin.