Ɗan Doka, Ɗan Sanda da Mai Dokar Barci

Tambaya daga Gusau: Malam, har kakana ya rasu ban taɓa jin ya ce ɗan sanda ba, sai ɗan doka. Abu ɗaya ne?

A bakin mutanen yau ɗaya ne, amma a zamanin kakanka ma'aikata biyu ne, kowa da ubangidansa. Ɗan doka na En'e ne, wato hukumar gargajiya, sarki ke sama da shi, daga baitulmali ake biyansa, kuma shi ya gaji wani ɓangare na aikin dogarai. Ɗan sanda kuwa na gwamnati ne, ɗan rundunar da Turawa suka kafa a 1930 da suka haɗe ta Arewa da ta Kudu, hedkwata a Legas. Sandar da yake riƙewa ce ta ba shi suna. Yarabawa ma haka suka gan shi, olopa suke cewa, wato mai sanda.

Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta soke 'yan doka, aka zuba su cikin rundunar tarayya. Cikin dalilan har da kukan cewa masu mulki sun mai da su bulalar dukan 'yan adawa. Ka sami tsohon ɗan NEPU, jam'iyyar adawa ta Arewa a wancan zamani, ka tambaye shi, sai ka gaji da saurare. Shi ya sa duk lokacin da aka tayar da zancen 'yan sandan jihohi za ka ga wasu dattawa sun yi tsaki.

Tambaya daga Maraɗi: Na ji an jefi wani babban jami'i da "mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi". Mece ce ainihin ma'anarta?

Yar'uwa, ki lura da yadda aka zaɓi kalmomin. Ba a ce ya yi barci ba, gyangyaɗi aka ce. Barci a ɗaka ake yinsa, a rufe ƙofa. Gyangyaɗi a zaune ake yi, a tsakiyar mutane, kai ya tafi ya dawo, mai shi ya farka yana musu alhali kowa ya gani. "Ɓige da" kuma na nufin ƙarewa a inda ba nan aka nufa ba. To, karin maganar tana magana ne a kan wanda ya hana abu, ya koma yana yinsa, ido na kallo. Laifin ƙarami ne in a kan wani ne. Abin da ya girmama shi, bakin da ya kafa dokar.

Misalin da Najeriya ba za ta manta ba shi ne Tafa Balogun, Sufeto Janar na 'yan sanda daga 2002. A Janairun 2005 ya sauka daga kujerar, hukumar EFCC mai yaƙi da almundahana ta gurfanar da shi kan dukiyar rundunar, ya amsa laifi, kotu ta ɗaure shi wata shida a Nuwamban shekarar. Nuhu Ribadu da ke shugabantar EFCC a lokacin shi ma ɗan sanda ne, kuma ƙasa da shi a muƙami. Nasa dai ya wuce gyangyaɗi, minshari ne. Amma ɓarnar ba a kuɗin ta tsaya ba. Kofur ɗin da ke tsaye a shinge cikin rana, yana jin labarin abin da mai gida ya tara, wa zai hana shi miƙa hannu ya karɓi na goro? Direban da ya ba shi kuma ya tafi da abin da ya gani, gobe in an yi masa sata ba zai nufi caji ofis ba, sai ya nemi 'yan banga ko ya bar wa Allah.

Tambaya daga wani ɗan sanda a Bauchi: Kullum mu ake zagi da cin hanci. Ba Bahaushe ne ya ce "in ɓera da sata, daddawa ma da wari" ba?

Shi ya faɗa, ɗan'uwa, kuma kana da hujja. Ma'anarta laifi ba na gefe ɗaya ba ne, wanda aka cuta ma da abin da ya jawo. Direban da ya yi lodi fiye da ƙima, ba lasin, ba takardun mota, ya dunƙule kuɗi a tafin hannu tun kafin a tsayar da shi, wannan warinsa ya isa. Na kuma san yawancinku na aiki cikin ƙunci, bariki ya lalace, albashi ba ya kai wata.

Sai dai karin magana tana da inda take tsayawa, nan kuwa ka ja ta ta wuce. Uban da aka kama ɗansa, ya zo yana karanta "beli kyauta ne" a jikin bango, aka ce sai ya kawo kuɗin takarda da na biro, wane wari ya yi? Ita daddawa ba wanda ya damƙa wa ɓera gadinta. Kai kuwa an ba ka kaki da bindiga, ka yi rantsuwa. Wannan a Hausa amana ce, kalmar da muka aro daga Larabci, tushenta ɗaya da aminci da imani. Ba ma cewa mutum ya karya ta ko ya ɓata ta, cewa muke ya ci, kamar yadda muke cewa ya ci hanci. Don haka in mai bayarwa ne ya fara zuwa da son ransa, yi amfani da ta ɓera da daddawa. In kuwa tilasta masa aka yi a kantar caji ofis, wadda ta dace da wurin ita ce an ba kura ajiyar nama.