Tambaya da Amsa: Wane irin fenti ya dace da rufin mota mai ɗakin kwana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne mazaunin Agege, kuma bara na sayi tokumbo irin motar nan ta Amurka mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki, aka fitar mini da ita daga tashar Tin Can, da niyyar in riƙa kai iyali gida Katsina lokacin Sallah ba tare da neman masauki a hanya ba. Tun ruwan watan Yuni take ɗiga daga gefen murfin shan iska da ke saman gado, sannan duk lokacin da aka yi ruwa sai wani farin abu kamar alli ya gangaro ya ɓata jikinta. Mai gyara a unguwarmu ya ce a narka kwalta a shafe saman baki ɗaya, wani kuma a kasuwar Ladipo ya ce ba abin da zai yi sai silikon. Wanne zan bi? — Wani Alhaji, Agege

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai, ka dakatar da maganar kwalta, domin farin allin da kake gani alama ce mai ƙarfi cewa saman motarka ba ƙarfe ba ne. Yawancin irin waɗannan motoci da ake ƙerawa a Amurka, rufinsu katako ne da aka shimfiɗa wa siririyar roba, ko dai wadda ake kira EPDM ko kuma TPO, wasu kuma faiba ne ko alminiyam. Robar EPDM ce take zubar da farin gari idan rana ta daɗe tana dukanta, kuma ita ce ba ta jituwa da duk abin da aka samo daga ɗanyen mai. Kwalta, fetur, kananzir, dizal ko tina, kowanne ya zauna a kanta sai ta kumbura, ta yi laushi, ta saki katakon da aka manna ta a kai. Ban da wannan, baƙin rufi zafi yake sha, kuma wanda zai yi tafiyar rana tsakanin Kaduna da Katsina da yara a ciki ya san abin da hakan ke nufi. Mai gyaran bai yi nufin cutar da kai ba. Abin da ya saba yi wa kwanon gida da tsofaffin bas-bas ne ya faɗa maka.

Tabbatar da irin rufin abu ne na minti goma. Ka shiga cikin motar, ka kwance sukuran da ke riƙe da zoben robar da ya kewaye murfin shan iskar, za ka ga bakin shimfiɗar rufin a naɗe a gefen ramin. Idan samanta fari ne, ƙasanta baƙi, kuma tana miƙewa kamar tyub ɗin taya, to EPDM ce. Idan gaba da bayanta launi ɗaya ne, ko bayanta yana da wani abu kamar auduga, kuma ta fi tauri da sheƙi, to TPO ce. Amsar wannan gwaji ita ce za ka tafi da ita kasuwa, kuma duk gwangwanin da ba a rubuta sunan irin rufinka a jikinsa ba, ka bar wa mai shago kayansa komai daɗin bakinsa.

Sai dai akwai abin da masu ba ka shawarar duka biyu suka tsallake, wato fenti ba maganin yoyo ba ne. Ruwa ba safai yake huda tsakiyar roba ba. Yana shiga ne ta inda aka yanke ta, kamar kewayen murfin shan iska, gindin na'urar sanyaya ɗaki, ƙafafun tsani, da bakin gaba da na baya inda rufi ya haɗu da jikin mota, domin danƙon da aka toshe waɗannan wurare da shi yana tsagewa bayan 'yan shekaru saboda rana da girgizar hanya. Ka hau a hankali, ka bi ko'ina kana dannawa da tafin hannu, musamman saman gadon nan. Inda ya lotsa kamar burodi, katakon ƙasa ya ruɓe, kuma sai kafinta ya ɗaga robar ya sauya shi. Idan aka shafa fenti a kai, an kulle danshi ne a ciki ya ci gaba da cin katako ba tare da an gani ba. Inda katakon ke da lafiya, a kankare tsohon danƙon da ya saki da abin kankara na roba, a zuba sabo irin mai bajewa da kansa wanda aka yi don wannan aiki, kamar Dicor, ko a liƙa tef mai ƙarfi irin EternaBond a kan tsagar. Kada a yi amfani da silikon ɗin nan na kwalaye da ake sayarwa don tagogi da banɗaki, mai warin tsami, domin ba ya kama roba da kyau, kuma ba fentin da zai zauna a kansa daga baya.

Bayan an gama wannan ne maganar zaɓi take tasowa, kuma a gaskiya tsakanin abu biyu take. Na farko shi ne akirilik mai miƙewa, wanda da ruwa ake haɗa shi. Ya fi arha, ana shafa shi da rola, farinsa yana korar zafi, kuma bayan wasu shekaru kowane fenta zai iya wankewa ya ƙara wani a kai. Rauninsa shi ne ba ya son ruwa ya kwana a kansa, sai ya yi laushi ya tashi bororo. Na biyu shi ne fentin silikon na rufi, wanda danshin iska ne ma yake busar da shi, kuma ruwa ya kwana uku a kansa bai dame shi ba. Mutumin Ladipo yana da hujja a nan, domin Legas tana samun ruwan da ya haura milimita 1,500 a shekara. Abin da bai faɗa maka ba shi ne silikon yana riƙe ƙura, ta yadda tafiya ɗaya zuwa Arewa da hunturu za ta mai da shi ja, yana da santsi ƙwarai idan ya jiƙe, reshen bishiya yana iya yaga shi, kuma duk ranar da ka shafa shi ka ɗaura aure da shi ke nan, domin nan gaba ba abin da zai kama samansa sai silikon.

Bokitin ruwa ne zai raba gardama. Ka ajiye motar a daidaitaccen wuri, ka kwara wa rufin ruwa da yamma, ka hau ka duba washegari da hantsi. Idan ruwan ya zurare, ni a ganina akirilik da aka yi don irin robarka ya wadatar, kuma ba dalilin kashe kuɗin silikon. Idan kuwa ka tarar da kududdufi a kusa da na'urar sanyaya ɗaki, wadda nauyinta kan lotsa tsohon rufi, kuma motar a fili take kwana ba rumfa, to silikon ya cancanci kuɗinsa.

Wajen lissafi, kada ka kwatanta farashin bokiti da bokiti. Lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya tana ba da kaurin milimita ɗaya kafin ta bushe. Akirilik kusan rabinsa ruwa ne da zai bi iska, silikon mai kauri kuwa wajen kashi 90 cikin ɗari ke zama. Rufi mai tsawon mita 8 da faɗin mita 2.5 murabba'in mita 20 ne, saboda haka idan ana son busasshen kauri na rabin milimita, akirilik zai ci wajen lita 20, silikon kuma lita 11 zuwa 12. Ka tsaya a wurin aikin da kanka, domin fentoci da yawa sun saba tsinka fenti don ya yi auki, kuma a wannan aiki kaurin shi ne kariyar.

Kafin a buɗe dukkan bokitan, a wanke rufin da sabulu da burushi mai laushi har sai tafin hannu ya daina kwaso fari, a shafa fentin shimfiɗa (wato wanda ake fara shafawa don na sama ya kama) idan gwangwanin ya buƙaci haka, wanda TPO kusan kullum take buƙata. Sannan a shafa ɗan wuri kamar faɗin littafi, a nutsa tsumma a ciki a bar bakinsa a waje, a fizge shi bayan mako guda. Idan fentin ya biyo tsumman ya bar roba tas, bai kama ba. Lokacin aikin kuwa tsakanin Disamba da Fabrairu ne, bayan raɓar safe ta bushe, shafa biyu, ta farko a tsaye ta biyu a kwance. Ɗan tsagaitawar ruwa na watan Agusta ba abin dogaro ba ne ga akirilik, don haka kafin lokacin aikin ya zo ka toshe tsagar da tef, ka lulluɓe da tamfol.

TAMBAYA: Ni tawa Coaster ce da na cire kujeru na sa gado, kuma samanta ya fara tsatsa. Shin fentin roba zai rufe tsatsar? — Wani direba, Mile 12

AMSA: Zai ɓoye ta, amma ba zai tsayar da ita ba, Malam, musamman a garin da iskar teku ke ɗauke da gishiri. A kankare har ƙarfe ya fito fari, mai walda ya cike inda ya ɓule, a shafa fentin shimfiɗa na ifoksi a ranar kafin danshi ya sake kama wurin, sannan a bi da farin foliyuretan irin wanda rana ba ta mai da shi rawaya. A fi kula da kwatamin da ya kewaye bakin rufin da kuma gindin kariyar ɗora kaya, domin a nan ruwa yake maƙalewa.