Tambaya da Amsa: Aikin malamin jami'a mai koyar da ilimin halayyar ɗan'adam a fagen shari'a

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin riɗi ne a Gadarif da ke Sudan. Babban yarona ya gama digirin farko a ilimin halayyar ɗan'adam kafin yaƙi ya ɓarke, yanzu kuma ya ce zai ƙaro karatu a reshen da ake kira ilmun nafsil jina'i, wato ilimin halayyar ɗan'adam a fagen shari'a, domin burinsa ya zama malamin jami'a. Mai ɗakina ta tayar da hankalinta, tana cewa aikin feɗe gawa ne, ƙanena kuma ya ce aikin karanta zuciyar ɓarayi ne. Ina roƙon a fayyace mini wannan aiki kafin in sayar da amfanin gona in biya kuɗin makaranta.
Daga wani magidanci, Gadarif

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa wa gona albarka. Ka fara kwantar wa Hajiya hankali, domin abin da take tsoro shi ne aɗɗibbush shar'i, aikin likitan da ke duba gawa ko rauni ya faɗa wa kotu musabbabinsu, kuma sai wanda ya karanta likitanci ne ke yin sa. Yaronka da rayayyu zai yi hulɗa: wanda ake tuhuma, da mai ba da shaida, da wanda aka zalunta, da fursunan da ake tunanin saki, har da ɗan sandan da ke yi musu tambayoyi. Fannin yana nazarin yadda mutum ke gani, ya tuna, ya manta, ya ji tsoro ko ya amsa laifi, sannan ya miƙa wa alƙali wannan sani domin ya yi amfani da shi.

Rabin aikin malamin a aji yake. Zai shirya darasi, ya koyar, ya tsara jarrabawa ya duba ta, ya zauna taron sashe, ya duba kundin binciken ɗaliban digiri na biyu babi bayan babi, kuma wannan na ƙarshe ne ke cinye dare. Abin da ya bambanta ajinsa da na sauran malamai shi ne waɗanda ke zaune a gabansa, domin a cikinsu akwai masu shirin zama jami'an 'yan sanda, da ma'aikatan gidan yari, da lauyoyi, da masu kula da yaran da suka shiga hannun hukuma. Kuskuren da ya bari ya wuce a aji, wata rana a kan wani bawan Allah zai sauka.

Akwai wata dabara da malaman fannin suka gada tun farkon ƙarni na 20 daga birnin Balin na Jamus, kuma ni ma na sha gwada ta. Ana tsakiyar darasi sai wani mutum da na shirya da shi ya faɗo ɗakin, ya ɗaga murya, ya fizge jakata daga kan tebur ya fice. Bayan an natsu sai in ce kowa ya ɗauki takarda ya siffanta shi. Wani ya rubuta farar jallabiya, wani ya ce ruwan toka ce, wata ta sa masa gemu, wani kuma ya rantse ya ga wuƙa a hannunsa, alhali mutumin ko tsinke bai riƙe ba. Babu maƙaryaci a cikinsu, kowa abin da ya yi imani ya gani ya rubuta. Idan na dawo da mutumin ya tsaya a gabansu, shirun da ɗakin ke yi ya fi duk bayanin da zan yi a zangon karatu guda.

Wannan ba sabon zance ba ne. Hugo Munsterberg na Jami'ar Harvard ya wallafa littafi a kan raunin shaidar ido tun 1908, lauyoyin zamaninsa suka yi masa ca. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun motocin, suna sauya kalma ɗaya tak a cikin tambayar. Waɗanda aka ce wa motocin sun ragargaji juna suka kimanta kusan mil 41 a awa, waɗanda aka ce wa sun taɓa juna suka kimanta kusan mil 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda, mutum 16 cikin 50 na rukunin da ya ji kalma mai zafi suka ce sun ga fasasshen gilashi, alhali babu gilashin da ya fashe a fim ɗin. Ke nan mai tambaya yana iya shuka abu a ƙwaƙwalwar mai shaida ba tare da ɗayansu ya ankara ba, kuma hana wannan shi ne babban abin da yaronka zai koyar.

Sauran aikin ya kasu tsakanin bincike da kotu. Matakan aikin jami'a a nan Sudan sun fara daga musa'id tadris, wato mataimakin malami, sai muhadir, wato lakcara, bayan digiri na biyu, sai ustaz musa'id bayan digirin digirgir, sannan ustaz musharik da farfesa, kuma matakan sama ba sa samuwa sai da binciken da aka wallafa. A nan ne nake ganin ɗan Bahaushe yana da gurbin da ba kowa zai cike ba. Galibin ma'aunan da ake gwada basira da halayya da su an ƙirƙire su ne a Amurka da Turai, aka fassara su zuwa Larabci, kuma wanda aka gwada da tambayoyin da ba na duniyarsa ba yana iya fitowa kamar mai ƙarancin hankali alhali lafiyarsa ƙalau. Marigayi Farfesa Malik Badri, haifaffen Rufa'a a 1932 wanda ya rasu a 2021, ya daɗe yana gargaɗin masana halayya Musulmi kada su bi Turawa har cikin ramin damo, yana aro misalin daga hadisi.

Na taɓa halartar zaman da ake yi wa wani matashi daga ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu tambayoyi a wani ofishi. Kansa a sunkuye yake, duk abin da jami'in ya faɗa sai ya ce "hadir", wato "to" da Larabci, wani lokaci kuma bakinsa ya kuɓuce ya ce "to". Jami'in ya ɗauki sunkuyar da kai a matsayin alamar rashin gaskiya, ya ɗauki "hadir" a matsayin amsa laifi. Kai da ni mun san cewa yaron da aka yi wa tarbiyya a gidan Bahaushe ba ya haɗa ido da babba, kuma "to" ɗinsa na nufin ya ji, ba lallai ya yarda ba. Masanin nan ɗan ƙasar Aisland, Gisli Gudjonsson, ya fitar da ma'auni a 1984 na gane mutanen da ke saurin bin bakin mai tambaya, kuma aikinsa ya taimaka wajen soke hukunce-hukuncen da aka gina a kan ikirarin ƙarya a Ingila. Irin wannan bincike a kan mutanenmu, da harshenmu da kunyarmu, yana jiran mai yi.

Game da kotu, alƙali ko wakilin niyaba, wato mai gabatar da ƙara, kan nemi ra'ayin gwani idan aka yi shakkar hankalin wanda ake tuhuma. Sashe na 10 na dokar laifuka ta 1991 ya ɗauke laifi daga wanda, a lokacin da ya aikata abin, ba ya iya gane haƙiƙanin aikinsa ko sarrafa kansa saboda taɓin hankali, kuma asalin wannan yana cikin hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci, da yaro, da mahaukaci. Tabbatar da cutar aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, masanin halayya kuma yana taimakawa da gwaje-gwaje da doguwar hira, ya rubuta rahoto. Amanar da ke wuyansa ita ce ya faɗi iyakar abin da bincikensa ya nuna, ko da bai yi wa ɓangaren da ya gayyato shi daɗi ba, ya kuma sanar da wanda yake gwadawa tun farko cewa abin da ya faɗa zai isa gaban alƙali. Hukunci kuwa na alƙali ne shi kaɗai.

Batun kuɗi ba zan ɓoye maka ba. Albashin malamin jami'a bai taka kara ya karya ba tun kafin watan Afrilun 2023, kuma yaƙin ya tarwatsa jami'o'in Khartum, da yawa suka koma koyarwa ta intanet da shirya jarrabawa a wasu garuruwa. Kafin ka sayar da riɗin, yaron ya kawo maka sunan jami'ar, da shaidar cewa ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da shirin, da tabbacin cewa akwai malamin da zai duba kundinsa da wurin da zai yi horon aiki. Digiri a wannan fanni wanda mai shi bai taɓa zama gaban fursuna ko yaron da aka cutar ba, a wurina rabin digiri ne.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe. Shin mace za ta iya wannan aiki? Kuma gaskiya ne malaman fannin suna gane maƙaryaci da kallon fuskarsa kawai?
Daga wata ɗaliba, Kasala

Amsa: 'Yata, za ki iya, kuma akwai ɗakunan da ke kaɗai za ki iya shiga a saki jiki da ke. Jami'ar Ahfad ta mata da ke Umdurman, wadda aka kafa a 1966, ta daɗe tana yaye mata a ilimin halayya. Dokar yara ta 2010 ta sa shekara 12 a matsayin mafi ƙarancin shekarun da za a tuhumi yaro da laifi, kuma sassan kare iyali da yara na 'yan sanda, waɗanda aka fara buɗewa a Khartum a 2007, suna buƙatar masu iya hira da ƙaramar yarinyar da aka ci wa zarafi ba tare da an sa mata magana a baki ba. Malama a wannan fanni tana koya wa ɗalibanta su ce wa yarinyar "faɗa mini duk abin da ya faru", su yi haƙuri da shirunta, maimakon su ce "wane ne ya taɓa ki, maƙwabcinku ne ko?", domin tambaya ta biyu tana iya lalata shaidar gaba ɗaya, ta kuma jefa marar laifi cikin masifa.

Maganar gane maƙaryaci da fuska kuwa, finafinai ne suka yaɗa ta. A 2006 Charles Bond da Bella DePaulo suka tattara sakamakon gwaje-gwaje sama da 200, suka samu cewa mutane na dacewa wajen bambance gaskiya da ƙarya da kusan kashi 54 cikin 100, wato kaɗan suka ɗara mai jefa kwabo sama. Kawar da ido da rawar murya da gumi alamun tsoro ne, kuma mai gaskiya ma yana tsoron ofishin 'yan sanda. Abin da ake koyarwa shi ne a bar mutum ya ba da labarinsa a tsanake, a nemi ƙarin bayani dalla-dalla, sannan a gwada abin da ya faɗa da hujjojin da ke hannu. Ina ba ki shawara ki dage da darasin ƙididdiga da hanyoyin bincike tun yanzu, ki kuma ƙarfafa Turancinki, saboda yawancin binciken fannin da shi ake wallafa shi. Hausarki ma kada ki yi wasa da ita, domin a garuruwa irin su Mai Wurno da ƙauyukan Sinnar za ki haɗu da tsohuwar da ba za ta iya faɗin abin da ya same ta da Larabci ba.