Yara sun haddace daskararre da ruwa da gas amma ba su gane ba, ya zan yi?

Tambaya: Salam malam, ni malamar kimiyya ce ina koyar da JSS3 da SS1. Yarana sun haddace yanayi uku na abu, daskararre da mai ruwa-ruwa da gas, amma in na ce me ya sa ƙanƙara take narkewa sai aji ya yi tsit. Kuma ba mu da lab. Ya zan ɓullo wa abin?

Amsa: Wa alaikumus salam malama, Allah ya saka miki da alheri da kika damu da wannan, don wallahi nan ne yara da yawa suke zamewa tun kafin a kai ga WAEC.

Matsalar dai ita ce yaro yana zaton ƙwayar abun ce take canzawa, wato ƙwayar ƙanƙara tauri gare ta, ta ruwa kuma laushi. Ki ce su zana miki za ki gani da idonki. Alhali ƙwayar ruwa, wato H2O, ɗaya ce a ƙanƙara da ruwa da tururi, abin da ke canzawa kawai yadda ƙwayoyin suke motsi ne da yadda suke riƙe da juna. In wannan bai zauna ba to duk sauran hadda ce.

Ki sayi sirinji sabo a kemis, ki cire allurar. Ki ja iska a ciki ki sa yaro ya toshe bakin da yatsa ya danna, zai ji yana shiga, in ya saki kuma ya dawo da kansa. Sai ki cika shi da ruwa ki ce ya sake, zai danna har fuskarsa ta yamutse amma ko motsi, to a nan dan Allah kar ki yi saurin bayani, ki bari su yi ta gardama har wani ya ce ai a iska akwai fili tsakanin ƙwayoyin, a ruwa kuma a manne suke. Maganar da ta fito daga bakinsu ba sa mantawa da ita.

Daga nan sai kayan gida. Kafur ɗin da iya take sawa a akwati yana ƙanƙancewa amma bai taɓa jiƙa zane ba, daga daskararre yake wucewa gas kai tsaye. Ruwan randa kuma yana tsatsafowa ta jikin yumɓu ya bi iska ya tafi da zafi, shi ya sa yake sanyi. Tukunyar gas in an girgiza ana jin motsin ruwa a ciki, matsi ne ya mai da gas ɗin ruwa-ruwa, wannan ki tambaye su kawai kar ki kawo ta aji.

Ga 'yan SS1 ki samu tamomita, wato ma'aunin zafi, ki tafasa ruwa suna rubuta lamba duk minti ɗaya. Da ya fara tafasa lambar za ta tsaya cak duk da wuta na ci, saboda zafin yana tafiya ne wajen raba ƙwayoyin. Kuma kar ki firgita in bai kai digiri 100 ba, 100 ɗin a daidai bakin teku ne, a Jos da ke kan tudu kusan 96 yake tafasa.